Ragon suna a kujerar direba

Shekarun baya, lokacin da ɗiyata ta yi haihuwar fari a gidana a Tanda, surukina ya zo daga Yamai da wata mota mai sheƙi, irin waɗanda ake matsa wa ɗan maɓalli daga nesa su yi ƙara kamar tsako. Ana gobe suna ya miƙo mani lakile, wato mabuɗin motar, da hannu biyu, kansa a ƙasa, ya ce: "Baba, ku ne kuka san rago."

Gaskiya ya faɗa. Lakwal, makarantar boko, aji uku na yi na gudu, amma a rago da sitiyari ni farfesa ne. Na ja kamiyo, babbar motar kaya, tun ubansa bai fara aski ba.

Na ɗauki abokina, wani tsohon masunci da ba ya rufe baki sai in yana cin abinci, muka nufi kasuwar Gaya. Na zaɓi rago fari mai ƙaho biyu a murɗe, muka ɗaure shi muka kwantar a kujerar baya. Muka tsaya sayen goro, na kashe mota, na bar lakile a jiki don ba nisa za mu yi ba.

Muna dawowa muka tarar rago ya kwance igiya, ya haye kujerar direba, ya ɗora kofato kan maɓallin ƙofa. Duk ƙofofi sun kulle. Ina so ku riƙe wannan da kyau, don har yau ana yi mani ƙazafi: ba ni na kulle motar nan ba. Rago ne.

Bazara ce, rana tana tsakiyar kai, gilasai duk a rufe. Kafin in gama salati kasuwa ta kewaye mu, kuma ashe duk Gaya injiniyoyi ne ban sani ba.

Wani mai tabarau ya ce ya gani a telefon: a huda ƙwallo, a kifa bakin ramin kan ramin lakile, a matsa da ƙarfi, iska za ta ɗaga makulli. Aka samo ƙwallon roba aka huda da ƙusa mai zafi. Ya matsa, ya sake matsawa har jijiyar wuyansa ta fito. Ƙwallo ta yi tusa, mota ba ta ce komai ba.

"Ba irin ƙwallon ba ce," in ji shi. "Ta Turawa ake so, mai gashi."

Abokina ya ce: "To jeka Faransa ka sayo, muna nan."

Shi kuma abokin nawa nasa ilimin daban. Ya ce tunda rago ya kulle, rago zai buɗe. Ya karɓo harawa yana kaɗawa a jikin gilashi, yana kiransa kamar mai zawarci: "Taka nan, ɗan albarka, taka nan." Rago ya dube shi, ya saki kashi a kan kujerar surukina.

Sai mai tabarau ya dawo da babbar fatawa. Ya ce in akwai lakile na biyu a gida, a kira mai shi, ya matsa maɓallin a bakin telefon ɗinsa, mu kuma mu kara namu a jikin ƙofa. Wai saƙon zai biyo waya.

Ku da ba ku da suruki ba za ku gane nauyin kiran nan ba. Na kira. Na yi gyaran murya na bayyana masa. Yaron nan ya yi karatu, ya san zancen banza ne, amma wa zai ce wa uban matarsa zancen banza? Sai ya ce: "To, Baba. Ga shi ina matsawa."

"Ka matsa?"

"Na matsa, Baba."

"Ƙara."

Ni da furfurata, tsugune a tsakiyar kasuwa, na manna telefon a ƙofar mota kamar likita yana sauraron ƙirjin majinyaci.

A tsugunen nan na ɗaga ido na ga ragon. Ya daina tsalle. Ya zube a kan kujera, harshe waje, cikinsa yana bugawa da sauri, kumfa a baki. Mutane kuwa suna ta gardama a kan waya da igiyar takalmi, wani ya ce a jira makaniki ya dawo daga Malanbil.

Na ce wa surukina a telefon: "Zan fasa gilashi."

Ya ce: "Yadda kuka gani, Baba." Har yau ban san ko izini ba ne ko kuka.

Wata mai fura tana daka a gefe, na ce: "Ƴar uwa, ara mani taɓarya." Kasuwa ta ɗauki ihu. "Alhaji, motar mutane ce!" "Ba a samun gilashin nan sai Kwatano!" Mai tabarau har ya riƙe mani hannun riga. Na ce ya sake ni ko in fara da tabaransa.

Na zagaya gilashin baya, nesa da ragon, na yi bisimilla. Bugu na farko taɓarya ta dawo mani. A na biyu gilashin ya zube kamar gishiri. Muka jawo rago inuwa, muka yi ta zuba masa ruwa har ya miƙe ya yi atishawa.

Washegari da safe liman ya raɗa wa jikata suna, aka yanka shi.

To nan ne masu dariya suke samun abin faɗi. Har yau in mun zauna a majalisa abokina sai ya ce: "Ga wanda ya fasa motar suruki don ya ceci ragon da zai yanka gobe." Su yi ta ƙyaƙyatawa. Ni kuwa ban taɓa ba kowa haƙuri ba, kuma ba zan fara da tsufana ba. Dabbar da aka damƙa maka amana ba ka tsayawa kana kallonta tana shaƙewa don tsoron gilashi. Wanda ya mutu a cikin mota sunansa mushe, wanda ya kai safiya sunansa ragon suna. Jikata ba da mushe aka yi mata suna ba.

Surukina ya koma Yamai da leda manne a tagar baya, tana kaɗawa tun daga Tanda. Bai taɓa tayar mani da zancen ba. Da aka yi haihuwa ta biyu, da kansa ya je kasuwa.