Hannu Mai Yatsa Huɗu

Shekara ashirin da shida Si Bushta yana yawo da baƙi masu yawon buɗe ido a birnin Fas cikin tsohuwar motarsa, amma bai taɓa shiga lungu da ko ɗaya daga cikinsu ba. Mota ba ta shiga tsohon gari, shi kuma direba ne, ba shi da takardar jagora. In aka gan shi tafe da baƙo a ƙafa, sai ya yi bayani a wajen 'yan sanda. Don haka a bakin ƙofar gari yake miƙa baƙinsa ga Allal, jagora mai farar jallabiya da zaƙin baki. Duk Juma'a Allal na gidan Bushta, suna cin kuskus a kwano ɗaya. Mutanen Fas kuwa in sun ce gishiri ya shiga tsakanin mutum biyu, ba a ƙara neman rantsuwa, don wanda ya ci amana gishirin ne zai kama shi a gwiwa.

Cikin baƙinsa akwai wata tsohuwa, Madam Simha. A unguwar Mallah aka haife ta, iyayenta suka tafi da ita Kanada tana 'yar shekara bakwai. Shekara huɗu a jere tana zuwa neman abu ɗaya: ƙofar gidan da aka haife ta. Sunan lungu ya ɓace mata. Abin da ta riƙe kawai, hannun ƙarfen da ake ƙwanƙwasa ƙofar da shi yatsa huɗu gare shi, don wanta ya karya ƙaramin yatsan da dutse, ya sha dukan tsiya.

Bushta ya sa abin a ransa. Duk lokacin sanyi, ranar da ba baƙi, yana bin lungu-lungu yana leƙen ƙofofin mutane kamar ɓarawo.

"Kai da hularka ma sai na nemo maka," in ji matarsa Lalla Zuhur, "kai ne za ka nemo ƙofar shekara saba'in?"

Sai ga shi ya samo ta, bayan wani gidan burodi. Rabin rufin ya zube, wani mutum na ɗaure alfadarai a ciki, amma hannun na nan, yatsa huɗu. Ya kama ƙarfen ya daɗe a tsaye, ya ji kamar gidan ubansa ya gano.

Allal kaɗai ya faɗa wa, a kan kwanon Juma'a, har da kwatance. Suka shirya Allal zai wuce gaba da Madam Simha, Bushta na biye kamar mai wucewa, shi zai ɗora hannunta a kan ƙarfen. Iyakar abin da yake so ke nan.

Ranar da ta zo, a bakin ƙofar gari Allal ya ja shi gefe.

"Ɗan'uwa, yau 'yan sanda sun cika lungu. Zauna a mota, kada a ci mutuncinka a gaban baƙuwa. Zan kai ta, zan kuma faɗa mata wanda ya sha wahalar."

Ya ji ciwo, amma ya zauna. Bayan awa uku sai ga ta riƙe da hannun Allal, idanu a kumbure, ɗan dako na biye da darduma a kafaɗa.

"Si Bushta, na ga gidanmu. Allal ya gano mini shi. Har da ruwa mai tsartuwa a tsakar gida, ni da na manta muna da shi. Masu sayar da darduma ne a ciki yanzu, mutanen kirki, har shayi suka ba ni."

"Hannun fa, Madam? Yatsa nawa?"

"Biyar. Wai bara suka canja shi."

Bushta ya san gidan sarai, na surukin Allal ne. Suna cusa dardumar a bayan mota ya ce, "Me ka yi ke nan, Allal?"

"Haba Si Bushta, in kai tsohuwa ta ga kashin alfadari a ɗakin uwarta? Ƙofa ai ƙofa ce. Ta yi kukanta, surukina ya yi ciniki. Wa aka cuta?"

Washegari a hanyar filin jirgi sau uku Bushta yana buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Sai ta ce likita ya hana ta doguwar tafiya daga bana, amma ba komai, ko yau ta mutu ta gani da idonta. Ya haɗiye maganar, ya ci gaba da tuƙi.

Ka ji rashin kunya, Juma'a na zagayowa sai ga Allal da sallama. Ya wanke hannu, ya kai loma, ya tauna, ya ɓata fuska.

"Lalla Zuhur, yau an manta da gishiri."



"Ba mantuwa ba ce," in ji Bushta. "Ni na ce kada ta sa. Ci ka ƙoshi, wannan ba zai kama maka gwiwa ba."