Sibirton Ɓawon Ayaba

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta azumin da aka daina sa hannu a kwanona ba.

Lokacin ina gadin wata jinena, wato lambun ayaba da mangwaro, a bakin kogi, kusa da Sinja, daga ni sai injin ban ruwa. Ni ke kunna ratinar masallacin ƙauyenmu, fitilar nan mai famfo wadda ba ta kamawa sai an ɗumama ta da sibirto, wani ruwa mai warin giya da ke kama wuta. A shekarar sibirto ya ɓace a kasuwa. Makanikin injin ya ce mini, "Ya zol, bawan Allah, ai ga shi nan kana zubarwa kullum." Ya nuna mini yadda ake jiƙa ɓawon ayaba da na mangwaro a tulu har ya yi tsami, a dafa, a tare tururin ta bututu.

Ni mutum ne mai wasiwasi. In ɗigo ɗaya na sibirton ya taɓa rigata sai na wanke ta sau uku. Tsoron bakin mutane ya sa na ɓoye tulun cikin ayaba, ban gaya wa kowa ba. Na samu kwalba guda, amma na kasa kai ta masallaci. Masu yankan ciyawa kuwa sun ji warin, suka kai gari cewa ina dafa giya.

A wurinmu kowa kan fito da abincinsa bakin hanya a sha ruwa tare. Na ajiye kwanona kamar kullum, hannaye suka riƙa tsallake shi. Ba wanda ya zage ni. Da ma an zage ni, da na samu bakin magana. Kwana tara ina komawa da tuwona yadda na kawo shi, in zauna gaban injin ina tambayar kaina ko da gaske na yi saɓo.

Rana ta goma da la'asar wani dattijo, aminin marigayi babana, ya shigo jinenar yana dogara sanda.

"Kai ɗan nan, fito mini da giyar in gani."

Na zuba kaɗan a murfin gwangwani, na ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta tashi.

"Na ratina ne, Baffa. Amma ina tsoron ko najasa ne."

"Na kantin da kake kunna ta da shi shekara da shekaru, daga Zamzam aka ɗebo shi? To me ya sa ka ɓoye?"

"Kada a ce giya ce."

"Ai ga shi an ce."

Da aka kira magariba ya ja kwanona gabansa, ya yi loma, ya ce da ƙarfi, "Miyar gwauro, ba gishiri!" Mutum biyu suka sa hannu. Sauran sai bayan Sallah, wasu kuwa har suka rasu ba su sake ci da ni ba.

Daga ranar na gane cewa abin kirki in ka ɓoye shi kamar laifi, laifi za a ɗauke shi. Tulun dai a ƙofar jinena na mayar da shi, inda kowa zai gani.