Ranar da Aka Cike Tsagar Iya

Kitso da ƙunshi ne suka kawo ni Madina. Ina aiki a wani mashgal a Aziziya, wato shagon gyaran jiki da kwalliyar mata, ranar hutuna kuma nakan ɗauki mataji da man kitso in shiga gidajen mutanenmu. A haka na san Iya. Gidansu yana unguwar Sih, a saman bene, kuma duk ranar da na je sai in tarar ta riga ta tsefe kanta tana zaune a kan darduma. Gashin fari fat, bai cika tafin hannu ba. Kitson nan da nan ake gama shi, hira ce ke kai mu la'asar.

Iya ta tsufa tukuf amma ba ta ruɗe ba. Abin da ya fara kama idona a fuskarta tsaga ce, irin ta Gobir, ta taso daga gefen baki ta bazu har kusa da kunne, hagu da dama. Ran farko na ce, "Iya, ashe Bagobira ce ke?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, ko ƙafata ba ta taɓa taka Gobir ba. A gonar auduga aka haife ni, can Sudan."

Daga nan labari ya ɓalle, kuma bai ƙare ba har tsawon zamanmu. Kakanninta ne suka baro gida da ƙafa bayan Turawa sun ci ƙasa, da niyyar hajji, uwarta tana goye. In guzuri ya ƙare sai a sauke kaya a yi wa wani noma, damina ta wuce a sake ɗaura wa jaki kaya. Takan jero mini ƙasashen kamar tana jan carbi: Barno, Wadai, Darfur, Kurdufan, sai Jazira, inda Turawan Ingila suka haƙa magudanan ruwa suka shuka auduga, Hausawa matafiya na tsinke musu. Wadda aka goyo daga Gobir a hanya ta girma, a hanya ta yi aure, a hanya ta haihu.

Ɗanta na fari, yayan Iya ke nan, ba a yi masa tsaga ba. Mutane sun fara barin abin, wai kar a riƙa nuna su da yatsa a ƙasar wasu. Da yaron ya tasa sai ga wani mai ƙaton rawani ya sauka a zangonsu, ya ce shi Makka za shi kai tsaye, a ba shi yara su riƙe masa kaya su sauke farali da wuri. Aka ba shi. A wancan zamanin kuwa ana sayar da mutum a Hijaz, kuma akwai marasa tsoron Allah da yaran mutane ne guzurinsu. Ba a ƙara jin ɗuriyar yaron ba. Saboda haka da aka haifi Iya, uwarta ta bi gona-gona har ta samo wanzami cikin masu tsinkar auduga, ta ce masa ya yanka da kyau, yadda duk Bagobirin da ya ga yarinyar nan a hannun wani zai tsaya ya yi tambaya.

Sauran ma duk na ji. Yadda suka hau jirgin katako mai tafiya da iska daga Sawakin, aka zube su a bakin teku nesa da Jidda. Yadda suka bi sawun raƙuma zuwa Madina. Yadda take wasan ɓuya a cikin matattun jiragen ƙasa da Turkawa suka bari a tsohuwar tashar Anbariya, da wata tsohuwar maƙwabciyarsu da ta ba ta labarin lokacin babban yaƙi, sa'ad da aka loda mutanen Madina a jiragen nan aka kai su Sham, gari ya koma kufai. A Kano an koya mana sarakuna da yaƙe-yaƙensu, amma wannan hanya ba wanda ya taɓa ambata mini ita. Ina yi mata kitso ina zagaya duniya, kuma ba ta taɓa sa wani gari a gurbin wani ba.

Iya tana zaune ne da 'yarta, wadda kowa ke kira Abla, yadda ake kiran malamai mata a nan, saboda ta daɗe tana shugabar makarantar 'yan mata. Su 'yan ƙasa ne, da takardunsu tun tuni. Abla tana jin Hausa sarai, amma ba ta yin ta sai za ta yi faɗa ko za ta ba da umarni. Sai 'yar Abla, budurwa, mai aiki a kantin magani. Iya ce ta yi renonta tun tana tsumma, don Abla kullum tana makaranta. Ita ta goya ta, ita ta yaye ta, har ta girma a ɗakin Iya take kwana.

Wata rana na je na tarar Iya sai murmushi take yi ita kaɗai. An zo neman auren jikar tata. Masu neman kuwa mutanen Buhara ne asalinsu, can tsakiyar Asiya, masu shaguna a tsakiyar gari, kuma matan gidansu za su zo ganin amarya da danginta bayan la'asar ɗin Alhamis. Iya ta sa an ɗinka mata sabuwar riga, ta ce in sa mata lalle a ƙafa. "Ba na son komai," in ji ta, "in dai zauna a majalisar baƙi kusa da ita, a ce ga kakarta."

Ina haɗa kayana Abla ta kira ni kicin ta tura ƙofa.

"Kin iya kwalliya ai," ta ce da Hausa. "Akwai abin da zai rufe wannan?" Ta ja yatsa a kuncinta.

Na ce, "Wanne?"

"Kin gane."

Na gane mana, so nake ta faɗa da bakinta. Ta kuwa faɗa. Wai sun gaya wa mutanen nan su tsofaffin Madina ne tun zamanin Turkawa. Wai baƙar fata ba komai ba ce, gari cike yake da manyan gidaje baƙaƙe, amma zanen nan yana nuna a waje aka haifi mutum. Da sun gan shi za su ɗauka irin Takarin nan ce marasa iƙama, wato takardar izinin zama, masu kasa kaya a bakin titi. Ni take gaya wa haka, ni da nake yawo da iƙamata a jaka kamar laya. Ko a rufe, ko Iya ta zauna a ɗaki a ce ba ta da lafiya, don ba yadda za a yi ta sa niƙabi a cikin mata zalla.

Na dube ta, na san abin da nake ji. Ƙyama ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta. Na ce, "Abla, ni kitso nake yi, ba yaɓe ba. Fuskar da ta haife ki ce fa. Kin san abin da ya sa aka yi tsagar nan?"

"Na ji har na gaji," ta ce. "Halas, shi ke nan, zan nemi wata."

Na fito na sami yarinyar a falo tana danna waya. Na ce, "Ke kin ji abin da za a yi wa kakarki?" Ba ta ɗago ba. Ta amsa da Larabci, murya ƙasa-ƙasa, wai ai yini ɗaya ne kawai. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Wannan ita ce wadda Iya ta tauna wa abinci.

Iya kuwa ta ji komai, don kunnenta garau yake. Na durƙusa gabanta na ce ta ƙi, ta ce ba ta yarda ba, ba mai iya ɗaure ta. Ta daɗe tana shafa gefen dardumarta, sannan ta ce, "In na ƙi, ɗaki za su sa ni. Ni dai in zauna." Can kuma ta ce, "Abin yana da zafi?" Na ce ba zafi. Na fita ban ko yi sallama da Abla ba.

Na so in ƙi zuwa ran Alhamis, amma na riga na yi wa Iya alkawarin lalle, kuma ni zan gyara kan amarya. Wadda Abla ta ɗauko don rufe tsagar abokiyar aikina ce a mashgal, 'yar Sham, ta zo da akwatinta. Ita ban ga laifinta ba, an ce ta rufe ta rufe. Sai dai wanzamin nan ya yi aikin da aka sa shi. Ta shafa na farko, tsaga ta shanye. Ta ƙara, ta shanye. Sai ta ɗauko wani mai kauri kamar kwaɓin fulawa ta riƙa cusawa layi-layi da ɗan tsinke, ta bi da fankeke, ta bi da hoda. Kalar ma ta fi fatar Iya haske, wuya baƙi, fuska kamar sabon bango. Da ta gama ta ce a gaya wa hajja kar ta yi dariya, zai tsage. Abla ta maimaita mata, ta ƙara da nata: kar ta yi Hausa, in an gaishe ta ta amsa, shi ke nan.

Aka miƙa wa Iya madubi. Ta duba, ta mayar.

Baƙi suka iso bayan la'asar: uwar ango, 'yan'uwansa mata, da kakarsa a keken guragu, wata 'yar tsohuwa fara mai ƙananan idanu, sa'ar Iya ko ta ɗan girme ta. Abla ta roƙe ni in riƙe butar gahawa, saboda haka ina tsaye a bakin ƙofa ina ganin kowa. An zaunar da Iya kusa da jikarta cikin sabuwar rigarta, ta miƙe wuya, ta haɗe leɓe don kar abu ya motsa.

Aka sha gahawa, aka ci dabino, aka yaba amarya. Sai tsohuwar Buhara ta buɗe baki, kuma da gani ta saba. Ta ba da labarin yadda ubanta ya gudo daga hannun Rashawa lokacin da suke rufe masallatai, yadda suka haura duwatsu cikin ƙanƙara zuwa Afganistan har sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa, yadda suka yi zaman jira a Hindu yana gasa burodi, kafin su sami jirgin Jidda. Jikokinta sun ji labarin nan ba adadi, amma suna zaune suna gyaɗa kai, in ta tsallake wani wuri ɗaya daga cikinsu ta tuna mata. Uwar ango har da share hawaye. Abla ma tana ta "Masha Allah, masha Allah," hannu a ƙirji. Na kalle ta na ji kamar in tofar da yawu. Gudun hijirar wasu abin ado ne a wurinta, na uwarta kuma abin cusa wa kwaɓi.

Da tsohuwar ta gama sai ta juya kekenta wajen Iya, ta dafa mata gwiwa. Ta ce da Larabci, "Ke fa, 'yar'uwa? Duk wanda ke garin nan wata hanya ce ta kawo shi. Naku ta ina suka biyo?"

Kowa ya juyo. Na ga leɓen Iya ya motsa, na ga ta ja numfashi irin wanda take ja in za ta faro daga Gobir. Sai ta dubi Abla. Abla tana kallon kofin hannunta. Ta dubi jikarta, ita kuma ta sunkuyar da kai.

"Wallahi na manta," Iya ta ce da Larabci. "Tsufa."

Tsohuwar Buhara ta daɗe tana kallon fuskarta, sannan ta janye hannunta ta ce Allah ya ba da lafiya. Uwar ango ta raɗa wa Abla cewa haka tata uwar ta yi kafin ta rasu, a yi haƙuri da su. Daga nan duk wadda za ta yi wa Iya magana sai ta ɗaga murya tana rarraba kalmomi, kamar da ƙaramar yarinya take. Wata har ta ɓare mata alewa ta sa mata a baki. Matar da ta riƙe hanya tun daga Gobir har Sawakin a kanta, ita aka mayar ruɗaɗɗiya a gaban idona, ina tsaye riƙe da butar gahawa.

Magana ta yi kyau. An yi guɗa, an sa wa amarya sarƙa, aka tsayar da lokacin biki. Kafin magariba baƙi suka tafi suna ta sa albarka.

Na ɗebo ruwan ɗumi a roba da tsumma na durƙusa gaban Iya zan wanke mata fuska. Ta riƙe wuyan hannuna, ta ce in dakata. Ta jira har Abla ta dawo daga rakiya, sannan ta ɗaga kai ta tambaye ta da Hausa, a hankali, don har yanzu tana tsoron kar abin ya tsage.

"Ban ba ku kunya ba ko?"

Abla ta sunkuya ta sumbaci kanta. "Kin yi kyau, Ummi," ta ce. "Ranar biki ma haka za a yi."

Iya ta ce to.