Tudun da Su Baba Suka Baje

Duk sanda na ji ƙamshin ciyawar da aka yanke da safe, sai raina ya ɓaci. Bari in faɗa maka dalili.

A shekarun tamanin muna zaune a garin Beltsville na Amurka, Baba yana karatun injiniya a wata jami'a da ke kusa. Jami'ar tana da filin besbol, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da gora. A tsakiyar filin akwai ɗan tudu na jan yumɓu inda mai jifa yake tsayawa. Idan zafi ya shigo ɗalibai suka tafi hutu, dattijon da ke kula da filin yakan bar mu yaran unguwa mu yi wasa. Na sha dariya a wurin 'ya'yan Amurkawa kafin hannuna ya faɗa, har kocinmu ya ce ranar Asabar ni zan hau tudun. Ko abinci na kasa ci don murna.

Dattijon yakan bar su Baba ma su buga ƙwallon ƙafa a gefe. Ranar Juma'a da la'asar sai ga su da shebur. Abokin Baba da muke kira Kawu ya ce, "Bawan Allahn nan ya yi mana halacci. Dubi wannan shuri a tsakar fili, sai ya karya wani. Mu yi masa gayya."

Na ce musu tudun na wasa ne, amma da Turanci na faɗa, don Hausata ba ta kai nan ba. Baba ko waigowa bai yi ba. "Manya na magana. Kuma da Hausa ake yi mini magana."

Na lalubi kalmomin na rasa. Ina tsaye suka baje shi, suka daddaɓe, har Mama ta kawo musu zoɓo. Injiniyoyi fa!

Da safe, ƙamshin ciyawar da aka yanke ya cika filin, dattijon ya tsaya riƙe da hularsa yana kallon wurin. Bai yi faɗa ba, kwaɗo ya sa wa ƙofa, ba a ƙara barin ɗan unguwa ya shiga ba. Baba ya je ya ba shi haƙuri, ya ba jami'a. Ni kuwa bai ga abin ba ni haƙuri ba, ai wasan yara ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Yau babu filin, an shimfiɗa kwalta ana ajiye motoci. Bara na ɗauko Baba daga asibiti muka bi ta wurin. Ya leƙa ta taga ya ce, "Ka gani? Su ma daga baya sun daidaita shi."

Yanzu ina da Hausar, tana nan a bakina tsaf. Na dubi furfurarsa na ce, "Haka ne, Baba," na ja mota.