Na'urar Da Ba Ta Da Baki

Duk abin da zan manta a aikin nan, ba zan manta da ranar da muka kai wa Alhaji Isuhu na Sabuwa sabuwar na'urar gem ba. Ku da kuka shigo shagon nan daga baya kuna jin labarin guntu-guntu, har wasunku na kirana Lawwali mai neman baki ba tare da sun san inda sunan ya samo asali ba. To ga yadda aka yi.

A lokacin ni ne babban yaron shagon Alhaji Kabiru a nan Kankara. Aikina shi ne in kai kaya, in haɗa wa mai saye, in tsaya sai na ga komai ya tashi sannan in juyo. Galibin masu sayen kayanmu masu gidajen gem ne, a Kankara da Pauwa da Faskari da Mairuwa har Sabuwa. Gidan gem kuwa ba wani abu ba ne illa shago da benci da talabijin da ƙaramin janareto, samari su biya su buga ƙwallo biyu-biyu, sauran suna tsaye a bayansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

Ga wanda bai san harkar ba, na'urorin nan zubi-zubi suke fitowa, mu kuma da lamba muke kiransu. Lamba biyu ita ce tsohuwar hannu. Tana da arha, tana da juriya, kuma ana zuba mata gem da yawa tun kafin ta bar shago, mai saye ba ya ƙara sisi. Lamba uku ta fi ta kyan hoto. Lamba huɗu kuma faifai ake sa mata, kowane gem da nasa faifan da nasa kuɗin. Abin da na lura da shi tun ina ƙaramin yaron shago shi ne, duk lokacin da sabuwa ta fito, mutanen birni sai su sayar da tasu ta da, ta yi arha, ta gangaro mana. Kullum muna bayan birni da zubi ɗaya ko biyu, kuma a nan cinikinmu yake. Na'ura tana tsufa tana arha, amma gem ɗin kowace sabuwa ya fi na wadda ta gabace ta tsada.

Da lamba biyar ta fara shigowa, Alhaji Kabiru ya je Kano sarin kaya ya gan ta a kunne a wani shago. Ya dawo kamar wanda aka yi wa wa'azi ya tuba. Ya ce zamanin tsofaffin nan ya wuce, nan da damina ko kyauta ba wanda zai karɓe su. A satin ya kira Malam Bala, wani mai gyaran rediyo a Faskari, ya tattara masa duk lamba biyu da lamba uku da ke sito a farashin da ko kwalinsu bai kai ba. Na ɗan yi magana, ya ce ni yaro ne, ban ga abin da ya gani ba. Gaskiya ne kuwa, ban gani ba.

Guda ɗaya tak ya iya sayowa ta sabuwar, kuma yana alfahari da cinikin da ya yi. Ya ce ya tarar da su iri ɗaya a jere, amma wannan ta fi sauran sauƙi nesa, ya yi wuf ya ɗauke kafin mai shagon ya gane ya yi kuskure. Ya haɗo da faifan ƙwallo guda, wanda kuɗinsa kaɗai ya ishe ka lamba biyu sabuwa fil da hannayenta.

Wanda ya saye ta shi ne Alhaji Isuhu, dillalin hatsi a Sabuwa, dattijo mai faɗa a ji, wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba a rayuwarsa. Abin da ya kawo shi harkar gasa ce. Akwai wani Ɗan'azumi da a da yake yi masa dakon buhu, ya tara abin da ya tara ya buɗe gidan gem daidai tsallaken titin shagonsa, da tsofaffin lamba biyu guda uku. Kullum Alhaji yana zaune yana ganin samarin gari sun yi cincirindo a ƙofar tsohon yaronsa. Sai ya kwashe buhunan da ke wani sitonsa, ya sa aka yi fenti, ya sayi ƙatuwar talabijin, ya aiko a kawo masa na'urar da babu irinta daga nan har iyakar Kaduna.

Da aka gaya masa kuɗin faifan a waya, sai ya tambaya ko buhun masara nawa ke nan, ya lissafa da kansa, ya yi salati, ya ce a kawo. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa ya buɗe kwalin. Shi zai yanke lasitikar da aka liƙe shi da ita da hannunsa a gaban jama'a, don kada a ce ta hannu ce.

Ranar kasuwar Sabuwa ya sa bikin buɗewar. Na fita da sassafe, kwalin a kan cinyata, don kun san hanyar, ramin da ke cikinta ya fi kwaltar yawa. Da na isa na tarar an kafa rumfa, an jera kujeru, ga zoɓo ga kunun aya a cikin ƙanƙara. Dattawan kasuwar hatsi suna gaba da manyan riguna, samari sun cika titi. Har abokan cinikin Ɗan'azumi duk sun tsallako, sun bar shi shi kaɗai yana kore ƙuda.

Aka yi addu'a. Alhaji ya yanke lasitika da rezar da ya sayo musamman, na fito da na'urar fara tas, na ɗaga ta sama aka yi tafi. Na haɗa wayoyi, aka tayar da janareto, hoto ya fito garau har wani dattijo ya ja kujerarsa baya. Sannan na zaro faifan ƙwallon daga ledarsa, na nufi inda ake zura shi.

Babu inda ake zura shi.

Na shafa gaba, sumul. Na shafa gefe, sumul. Na juya ta, na kifa ta, na kanga ta a rana ina leƙe. Na danna duk abin da ya yi kama da maɓalli, ko wani marfi zai buɗe. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareto.

"Lawwali, mi kake nema?" in ji Alhaji Isuhu.

"Bakinta nake nema, Alhaji."

"Bakinta? Ashe ba ta da baki?"

Wani daga cikin samarin ya maimaita maganar da ƙarfi, dariya ta tashi daga baya ta biyo har gaba. Na koma bayan rumfa na kira Alhaji Kabiru, sai da na yi ta ɗaga wayar sama kafin kiran ya shiga. Ya ce in duba da kyau, Bature ba ya ƙera abu babu baki. Na ce na duba. Ya ba ni lambar mutumin da ya sayar masa a Kano. Shi kuwa mutumin ko a jikinsa. Ya ce ai iri biyu ce, akwai mai cin faifai, akwai wadda ta intanet kaɗai ake zuba mata gem, ita ce mai sauƙin, kuma ya so ya yi wa Alhaji Kabiru bayani amma ya ga yana sauri. Faifan da ke hannuna, in ji shi, in adana shi, ba shi da amfani a nan. In muna son ƙwallo sai mun sake saye, mu tura masa kuɗi ya turo mana wasu lambobi mu shigar, sannan mu sauke gem ɗin.

Na dawo na durƙusa kusa da Alhaji Isuhu na gaya masa a kunne. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza kala haka ba. Ya dubi jama'a, ya dubi tsallaken titi inda Ɗan'azumi ya fito ya jingina da ƙofa yana sakace, ya ce a tura kuɗin, yau sai an buga ƙwallo a shagon nan.

Aka tura, lambobi suka zo. Amma sabis na cikin gari, wanda kira ma da kyar yake ɗauka, ina zai iya sauko da gem? Samarin suka ce akwai wani tudu a bayan gari inda suke zuwa in suna son kallon bidiyo, can yana kamawa sosai. Alhaji bai yi wata-wata ba. Aka kawo motar da ke ɗaukar masa hatsi, aka ɗora talabijin da janareto da na'ura da ni, shi ya shiga gaba. Samari suka biyo mu a ƙasa, 'yan sintiri biyu suka raka mu saboda yanayin da ake ciki. Masu cin kasuwa suna tsayawa suna tambayar ko wa aka naɗa.

A kan tudun, ƙarƙashin wata ɗorawa, na sake haɗa komai, na jona na'urar da wayata. Ta kama. Na shigar da lambobin, ta karɓa. Aka yi kabbara. Sai wani ɗan siririn layi ya fito a talabijin, da rubutu a ƙasansa. Alhaji ya ce in karanta masa. Na ce ta ce a jira. Ya ce har yaushe, la'asar? Na ce a yadda sabis ɗin nan yake tafiya, lissafin da ta yi ba na awoyi ba ne, na kwanaki ne, kuma katin datar da ke wayata ko kwatar hanya ba zai kai mu ba.

Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya ce shi dai kafin rana ta yi sanyi zai sauka, kuma yana ba kowa shawarar haka. Samarin suka fara zarewa biyu-biyu, uku-uku. Ba sai an gaya maka inda suka nufa ba.

Don kada mu zauna muna kallon layi, na lalubo wani ɗan gem da ya zo a cikinta kyauta, wani ƙaramin mutum-mutumi fari mai gudu da tsalle yana tsintar abubuwa. Na miƙa wa Alhaji hannun gem ɗin na ce ya gwada, ko ransa ya ɗan yi sanyi. Ya karɓa yana hararata. Ya danna, abin ya yi tsalle, hannun ya yi jijjiga a tafinsa. Ya yi wurgi da shi ya miƙe yana neman tsari, ya ce wuta ta ja shi. Na ɗauko na kakkaɓe, na ce haka aka yi shi. Ya sake karɓa da yatsu biyu.

Ba a jima ba ya naɗe hannun babbar riga. Can ya cire hula ya ajiye a kan janareto. In abin zai yi tsalle, sai shi ma ya ɗaga daga zaune. Da ya faɗa rami sai ya ce, "Kai, wanga ɗan banza ba shi jin magana," ya sake farawa. Sai da ɗan sintirin ya yi magana sau uku, a na ƙarshe ya kashe janareton da kansa, sannan muka sauko.

A hanya ina ta shirya yadda zan ba shi haƙuri, in ce za mu karɓi wannan mu canzo masa mai baki. Da na faɗa sai ya ce wa zai ba? Wannan gida za ta, ɗakinsa. Shagon kuwa, ya ce ya tsaya ya kalli na Ɗan'azumi da kyau yau, ya ga yaran nan ba hoto suke saye ba, wuri suke so su zauna su ci junansu su yi ihu. In kawo masa irin na Ɗan'azumi guda shida kafin wata kasuwar, ya ga ko uku za su fi shida.

Na dawo Kankara na ba Alhaji Kabiru labari, na ƙare da odar. Ya yi murna har ya miƙe, sannan ya tuna sito babu ko ɗaya. Washegari ya tura ni Faskari wurin Malam Bala, ya ce in ce masa an yi kuskure ne, a mayar masa da kuɗinsa har da ɗan ƙari.

Labari ya riga ni isa. Na tarar da Malam Bala ya goge su tas ya jera a kanta, ya ce tun jiya masu gidajen gem daga Mairuwa suke sintiri, kowa ya ji abin da ya faru a Sabuwa ya ce shi tsohuwar yake so. Ya faɗi farashi, na ce Malam, ai ko mu ba mu taɓa sayar da su haka ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ka gaida min Alhaji. Ka ce mishi waɗanga duk suna da baki." Haka muka sayi kayanmu da tsadar da ba mu taɓa sayen su ba, kuma sai da na roƙa ya bar mana shidan.

A waccan shekarar ba abin da muka sayar kamar lamba biyu da lamba uku, daga baya lamba huɗu ta hannu ta fara gangarowa ita ma ta karɓu. Yanzu ga shi lamba biyar ɗin ma tana shiga gidajen gem jefi-jefi, amma mai faifai, kuma sai an haɗa kai ana musayar faifan tsakanin shago da shago, don har yau mutum ɗaya ba ya iya sayen duk wanda yake so.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, kuɗin na'ura sau ɗaya ake biyan shi, amma abin da take ci kullum ne, kuma shi ke sa a saye ta ko a bar ta. Mutanenmu ba ƙin sabon abu suke yi ba, lissafi suke yi, kuma lissafin mai gidan gem a ƙauye daban yake da na mai shago a Kano. Saboda haka in mutum ya shigo nan ya ce a ba shi sabuwa dal, kada ku yi saurin miƙa hannu sama ku sauko da kwali. Ku ba shi kujera, ku ba shi ruwa, ku tambaye shi a wane gari zai kunna ta, su wa za su buga, kuma in ya kira matarsa daga shagon nasa tana jin shi ko sai ya fita waje.