Igiyar Aladen da Ta Raba Ni da Waken Isiyaka

A watan nan Alhaji Isiyaka ya cika shekara ashirin da shida a kwance a wata maƙabarta da ke arewacin Landan. Allah ya jiƙansa. An saba idan mutum zai tuna mamaci a jarida ya fara da yabo, amma ni da ƙara na zo, domin mutumin nan ya ci amanata, ya tafi bai ba ni haƙuri ba. Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar dattijo ya yi shekara tara yana zuba wauta a gaban jama'a, amininsa na gefe yana loma.

Na zo Landan a farkon shekarun tamanin ina yi wa wani ma'aikacin gwamnati kuku. Shi ya koma gida, ni na maƙale. Daga baya na samu aikin ɗaukar kaya da jera kujeru a wata kwaleji a Bloomsbury. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, can Funtuwa, amma tunda kullum da safe jami'a nake shiga, da yamma in fito, ban ga ƙarya ba idan na ce na yi shekara goma sha huɗu a jami'a. Isiyaka ne ya laƙaba mini Farfesa. Na ɗauka girmamawa ce.

Shi ɗan zangon Kumasi ne. Ya yi aiki a masana'antar motoci a Dagenham, da aka rage ma'aikata sai ya koma wani ƙaramin kulob na ƙwallon zari-ruga a nan unguwar, yana wanke riguna, yana jan layin fili da farin fenti, ranar wasa kuma idan wani ya faɗi ya ruga masa da bokiti da soso. Hausarsa ba ta san mace ba. Matarsa Hajiya Maimuna kullum "ya dafa", "ya tafi kasuwa". Na sha gyara masa a gaban mutane, ina cewa harshe amana ne. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi.

Wanda bai san zari-ruga ba, ƙattai ne goma sha biyar a kowane ɓangare, da ƙwallo mai siffar gwanda. Ana gudu gaba, ana jefa ƙwallon baya, in an gaji a sunkuya a haɗa kai a yi ta turereniya kamar raguna. Isiyaka ne ya koya mana kallonsa. Lokacin sanyi, duk Asabar ɗin da ƙungiyar ƙasar nan za ta yi wasa, mukan taru a flat ɗinsa na gidajen hayar gwamnati a Edmonton, hawa na tara, mu shida ko bakwai. Maimuna ta kawo wake da shinkafa irin nasu, da wani baƙin yaji da har yau in na tuna yawuna yake tsinkewa. Idan an tafi hutun rabin lokaci Isiyaka ya ja mu la'asar a kan kafet.

Wasan kansa bai cika tayar mana da jijiyar wuya ba. Zaɓen 'yan wasa ne yake raba mu. Akwai mutum biyu da suka yi shekaru suna neman riga ɗaya, ta mai gudu a gefen fili. Mu muka sa musu suna: Barewa da Turmi. Barewa in ya samu ƙwallo ba ka ganin komai sai bayan rigarsa, amma wasa biyu ya yi, na uku yana kwance. Turmi ba ya sauri, hannunsa ma wani lokacin kamar an shafa masa mai, sai dai ko mota ta buge shi motar ce za a kai gareji. Isiyaka na Barewa ne. Yakan ce minti goman Barewa sun fi shekarar Turmi, kuma masu zaɓe matsorata ne, sun fi son wanda ba zai kunyata su ba a kan wanda zai ci musu wasa. Ni na Turmi ne, domin a wurin aikina wanda ya zo kullum shi ne ma'aikaci.

Rannan mai sharhi a talabijin ya ce an ajiye Barewa saboda hamstirin. Nan ilimina ya motsa. Ham dai ita ce kalmar da duk musulmin da ya sauka a ƙasar nan yake fara haddacewa, tun kafin ya iya gaisuwa, don kada ya ci naman alade a rashin sani. Stirin kuwa da ita nake ɗaure kwalaye a kwaleji kullum, igiya ce. Na haɗa biyu na miƙe tsaye na yi wa jama'a bayani: igiyar alade ce, wata jijiya da take tsirowa a ƙafar mai yawan cin alade, idan ya zura da gudu ta tsinke. Saboda haka ciwon Barewa ba tsautsayi ba ne, halinsa ne, kuma bai cancanci rigar ƙasa ba.

Isiyaka ya ce, "Farfesa, ai wannan..."

Na ce, "Dakata in gama."

Daga ranar na zama likitan majalisar. Duk wanda aka ce hamstirin ne ya kwantar da shi, na soke sunansa. Da aka ce wani kuma kaf ne ya kama shi, na san kalmar tun ina kuku, ɗan maraƙi ce, sai na yanke hukunci cewa wannan ciwon halal ne, a jira shi ya warke. Mutane suna ta dariya, ni kuma na ɗauka daɗin bayani suke ji. Isiyaka kan soma cewa wani abu, in ɗaga masa hannu. Shekara bakwai muna haka.

Sai wata Asabar ya buɗe mini ƙofa yana ɗingishi. Ya ce ya ruga da bokiti, taɓo ya ja shi. Na tambaye shi me likita ya ce, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Hamstirin ne."

Nan take na haɗa lissafi. Na san bayan kowane wasa akan yi ciye-ciye a kulob ɗin nan nasu. Alhaji guda, mai ja mana salla. A ranar na ce gyambon ciki ya tasar mini, ban taɓa waken ba. Da aka tashi la'asar na ce alwalata ta karye, na jira suka idar na yi tawa ni kaɗai. Haka na yi shekara biyu. Maimuna ba ta fasa zuba mini a kwano in tafi da shi gida ba, ni kuma ban fasa miƙa wa Baturen da ke maƙwabtaka da ni ba, har ya yi ƙiba. Abin da ya fi muni, na kira mutum biyu gefe na gaya musu a asirce su yi hattara da tukunyar gidan. Na sha kwana da baƙin ciki ina cewa aminina ya yaudare ni, ya bar ni ina bin sa salla.

Ranar da asirina ya tonu, bas nake bi da gudu a Edmonton, sai na ji wani abu ya ce ɗas a bayan cinyata. Da ƙyar na kai kaina wurin Dokta Kabiru, wani likita mutumin Zariya da muke haɗuwa a masallaci. Ya latsa nan, ya latsa can, ya ce, "Baba Sale, hamstirin ne."

Na ce ya kawo Alƙur'ani. Na rantse masa tun da uwata ta haife ni alade bai taɓa wuce maƙogwarona ba, sai in an yi mini cuta a kantin kwaleji. Likitan ya cire tabarau ya kifa kai a tebur yana dariya. Da ya samu numfashi ya nuna mini hoton ƙafar mutum a bango, ya ce sunan tsokar bayan cinya ke nan, kowa da tasa, har liman. Da nan ya tsaya da na haƙura. Amma sai ya ƙara da cewa, "Ashe da gaske ne. Alhaji Isiyaka ya ba mu labarin nan a wurin wani suna, muka ɗauka gishiri ya ƙara."

To kun ji. Mutumin ya sani tun ranar farko. Shi da yake shafa wa ƙattai magani a cinya duk mako, yaya ba zai sani ba? Ya bar ni ina yanke wa 'yan wasan ƙasa hukunci da ilimin kwali, sannan ya ɗauki labarina yana rabawa a wurin suna kamar goro. Na yi fushi na ɗauke ƙafa wata huɗu. Ina cikin fushin aka ce an kwantar da shi. Na je asibiti na same shi ya rame, ya buɗe ido ya ce, "Farfesa, yaya igiya?" Na haɗiye maganata, na ce sai ya warke za mu yi shari'a. Bai warke ba.

Wani lokaci ina tunanin abin da zai ce da ya ga wasan yau. Bokiti da soso sun tafi, yanzu mutum biyar ke rugowa da jakunkuna, a sa ƙafa a na'ura a ga tsokar da ta yage tun kafin mai ita ya gama ihu. 'Yan wasan sun zama kamar tireloli. Gardamar zaɓe ce kaɗai ba ta canza ba, har yanzu akwai Barewa akwai Turmi, kuma na san inda zai tsaya. Abin da zai fi ba shi haushi shi ne waya. Yau da na faɗi igiyar alade, kafin in zauna wani ya latsa ya ƙaryata ni, nishaɗin shekara tara ya mutu a minti ɗaya.

Me ya rage nasa? Filin kulob ɗin an gina gidaje a kai. 'Yan majalisar saura mu biyu. Ni dai har yau in na ga mai gudu ya dafe bayan cinya ya tsaya cak, sai na waiga hagu, inda yake zama. Kuma idan na yi la'asar ni kaɗai ina tuna shekara biyun da na ƙi bin sa, bai taɓa tambayata dalili ba, bai kuma fasa matsa mini wuri a kan kafet ba. Amma wannan bai wanke shi ba. Haƙƙina yana wuyansa.

Makon jiya na hau jirgin ƙasa zuwa Dagenham, inda Hajiya Maimuna take zaune wurin 'yarta, don in yi mata gaisuwar shekara in kuma shigar da ƙarata. Ta zuba mini wake, na cinye, na nemi ƙari. Sannan na zayyana mata komai. Ta ce duk ta sani, har Baturen da ya yi ƙiba, har mutum biyun da na gargaɗa, domin a ranar suka kawo musu labari. Na ce to me ya hana shi ya kira ni gefe, a matsayin amini, ya ce Sale ka yi kuskure? Kalma ɗaya ta gagare shi shekara tara?

Ta ajiye ludayi ta dube ni ta saman tabarau.

"Farfesa, sau nawa ya buɗe baki ka ce ya dakata ka gama? Yau shekara ashirin da shida yana kwance yana jira. Ka gama?"