Kin Tafi, Gwiwar Ba Ta Gama Lanƙwasuwa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, muka iso ɗakin gashin ƙashi muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shara ce ta gaya mana kin rasu. Babu wanda ya kira mu.

Likita, kin saba tambayar mutanen gida kafin ki taɓa majinyaci, to ga su. Maigida lafiya, yara lafiya. Surukata tana nan da ƙarfinta, har da na bakinta. Wadda ba lafiya ita ce majinyaciyarki, babbar 'yata tela. Da furfura na koyi rubutu, a yi haƙuri da hannuna.

Bayan hatsarin mota aka yi mata aiki, gwiwar ta sandare kamar itace, ba ta miƙewa sosai, ba ta lanƙwasuwa. Ke kika sa ta cikin bincikenki a kan sandarewar gwiwa. Kina lanƙwasawa tana kuka, kina ce mata, "Zage ni, 'yar nan, amma kada ki janye ƙafar." Har gida kika zo ki ga yadda take zama gaban keken ɗinki, kika sa aka ƙara wa kujerar tsawo. Ranar kika ga matashin kai da surukata ke cusa mata a ƙarƙashin gwiwa don tausayi. Kika zare shi kika ce, "Iya, wannan tausayin shi ne zai gurgunta ta." Iya ta ce, "Ke kika haife ta?" Kika yi dariya kika tafi da matashin.

Yanzu Iya ta samo wani matashin kan. Ni suruka ce, ba ni da bakin hana ta. Ƙafar da ta fara taka fedar keken ɗinki ta koma ja da ƙasa.

Manyan asibiti sun yi jawabi, an ce har da hawaye, sun ce aikinki ba zai mutu ba. Na koma sau da yawa, kwaɗon yana nan. Wannan ya tura ni wurin wancan, wancan ya ce binciken naki ne, ba nasu ba. Ashe yabon mamaci ya fi buɗe ƙofa sauƙi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sa abin da hannunki ya yi wa bayinSa ya zame miki haske a kabari. Allah Ya ba maigidanki da 'ya'yanki da mahaifiyarki haƙuri, Ya raya abin da kika bari.

Ku kuma abokan aikinta, likitan tiyata zai duba 'yata ranar Litinin. Ya ce in gwiwar ta ci gaba da sandarewa, sai an sake shiga da ita tiyata. Don Allah wani ya amsa mini kafin ranar: wa zai karɓe ta? Gwiwa ba ta san zaman makoki ba.